Sunan da Ke Saman Kowane Shafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na aurar da kaina ga Malam Shafi'u a gaban jama'a ba, da bakina, da lasifika a hannuna, alhali ko a mafarki ban taɓa sha'awar mutumin ba. Abubuwa sun fara zubewa daga kaina yanzu, jiya ma na birkita ɗaki ina neman carbina ashe yana wuyana, amma wannan ranar tana nan daram.

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin da nake sallah da su. Wannan da kuke karantawa faɗa nake yi, Rabi tana rubutawa. Rabi 'yar haya ce a gidana a nan Yalwawa, cikin Dutse. Mutuniyar Haɗeja ce, aikin kwamfuta ya kawo ta wani ofis a garin nan, kuma ba yarinya ba ce, ta haura talatin. Sai bayan na fita takaba ta kama ɗakin, saboda haka ba ta taɓa ganin Malam ba.

Malam shi ne maigidana, ba Malam Shafi'un da na ambata ba. Shekara arba'in da shida muka yi tare. Aikinsa gyaran famfon tuƙa-tuƙa, irin wanda ake kafawa a kan rijiyar burtsatse, kuma daga nan zuwa Kiyawa har can wajen Taura da wuya a sami ƙauyen da babur ɗinsa bai shiga ba. Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Har yau idan babur ya tsaya a ƙofar gida wajen la'asar sai in miƙe in ɗauki buta in zuba ruwa, sai na kai tsakar gida nake tunawa. Ina kuka, kuma na daina ɓoyewa. Idan kun ga maganar ta yanke a wani wuri, to kuka ne ya tsayar da ni, Rabi ta jira.

A duk shekarun nan ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu mata, mace ba ta kama sunan miji. "Malam" nake cewa, ko "mai gidan nan", idan ya ɓata mini rai kuwa "shi wannan". Sunansa (Rabi, saka da hannunki, ni sau ɗaya na faɗa a duniya kuma ya ishe ni) Umaru. Saboda haka kalmar "umarni" ma ba ta taɓa fita daga bakina ba (wannan ma ita ta rubuta, ni "kalmar nan" na ce mata), domin kusan dukkanta sunansa ne. Ni "oda" nake cewa. Ku riƙe wannan da kyau, a nan ƙafata ta zame.

Abin da Malam ya bari, ban da gidan nan, littattafai ne guda tara irin na 'yan makaranta, a cikin akwatin ƙarfe. Duk famfon da ya gyara, idan ya dawo ya ci abinci, sai ya zauna a tabarma ya rubuta abin da ya same shi da yadda ya yi da shi, har da zane. Ko ɗaya bai sa sunansa a kai ba. Na taɓa ce masa ya sa, ya ce, "Wa zai saci littafin da yake warin giris?" Yanzu warin nan ne yake sa ni buɗe akwatin.

Wata rana da hantsi ina zaune a gindin dabinon tsakar gida, na sa tabaransa (da shi nake tsince tsakuwa a shinkafa, ya fi idona gani), na buɗe littafi ɗaya ina kallon zanen, hawaye na zuba. Sai Rabi ta fito za ta shanya kaya. Ta ce, "Inna, ashe karatu kike yi, bari in ba ki wuri."

To a nan ya kamata in ce mata, "'Yar nan, shinshina kawai nake yi." Ban ce ba. Sai na gyara zaman tabarau a hancina, na juya shafi. Har yau ban san abin da ya hau kaina ba. Ina jin daɗi kawai na ji, a ce yau ga mai ilimi ta ɗauke ni mai karatu. Da yake akwai zanen famfo a ciki, na san inda sama take, ban riƙe shi a juye ba.

Da ta gama shanyar ta dawo ta roƙi ta duba. Ta daɗe tana buɗawa. Can ta ce, "Inna, wannan ba abin ajiyewa a akwati ba ne. Samarin da suke koyon aikin nan yanzu lalube suke yi, ga shi Baba ya rubuta komai." Ta ce a ofishinsu aikinta ke nan, haɗa littattafan bayanin yadda ake aiki, waɗanda mutum zai buɗe a wayarsa ya nemi abin da yake so. Ta ce in na yarda za ta yi wa na Malam haka.

Na ce mata sharaɗina ɗaya ne, a sa sunansa. Mutumin nan ya shayar da ƙauyuka ruwa rabin rayuwarsa, amma je ki duba jikin kowane famfo, sunan wanda ya ba da aikin ake rubutawa, ba na wanda ya shiga taɓo ya gyara ba. Na ce ko sau ɗaya ne ina so a ga sunansa a kan wani abu.

Ranar Asabar ta fito da kwamfutarta tsakar gida. Da farko ta baje littattafan tana lissafa su, tana ta magana da kanta: wannan shafin ya yage, wannan shafin giris ya cinye shi, shafi na goma ya maimaita shafi na uku. Sannan ta buɗe na'urar. Ni na ɗauka zan ga hotuna masu launi irin na waya. Sai ga allo baƙi ƙirin, ba komai a kai sai wani ɗan farin abu a kusurwa yana ƙifta ido.

Na ce, "Ta lalace ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Inna. Wannan manhajar ba ta da hoton da za a danna, rubuta mata ake yi. Ki ba ta umarni, ta aikata. Umarni ɗaya ta buɗe sabon littafi. Umarni ɗaya ta nuna miki shi. Umarni ɗaya ta gina shi."

Kowane ɗaya ta faɗa sai in ji kamar an taɓa mini gyambo. Na sunkuyar da kai ina jan bakin mayafi. Don in kawar da zancen na ce, "Gini kuma? Littafin ake ginawa?"

"E mana. Kamar bulo ne. Kowane babi a ware nake rubuta shi, shi kaɗai. Akwai wata 'yar takarda da take faɗin wanne ne yake bin wanne. Idan na ba ta umarni na ce gina, sai ta kwashe su duka ta jera, ta yi musu rufi, ta sa sunan littafin a saman kowane shafi."

Ta buga wasu 'yan kalmomi, ta danna. Farin rubutu ya fito. Ta ce, "Yauwa, tana tambayar sunan littafin. Zan sa Littafin Gyaran Famfon Tuƙa-tuƙa na Malam... Malam wa, Inna? Ni Baba Mai Famfo kawai nake ji a unguwa."

Na kawar da kai.

"Inna?"

Na ce, "Ke ba Bahaushiya ba ce?"

Ta rufe baki ta ce, "Yi haƙuri, na manta. To ba ni alama, zan gane."

Na ce, "Yana cikin kalmar nan da kike ta nanatawa tun ɗazu har kina sa ni jin nauyi."

Ta ɗaga kai sama tana tunani. Ta kalli allon, ta kalli littattafan da ke baje a tabarma. Sai ta ce, "Au! Na gane." Ta buga ƙwas ƙwas ƙwas, ta juyo mini da allon, ta ce, "Duba, Inna, haka ne?"

Jama'a, na ɗauko tabarau na sa. Na matso. Na kalli wasu fararen tururuwa a jere a kan baƙi. Har leɓe na motsa, kamar yadda nake ganin masu karatu suna yi. Sannan na ce, "Haka ne. Allah ya yi miki albarka."

Na ce ta nuna mini daidai inda sunan yake. Ta nuna. Na ɗora yatsana a wurin, na fashe da kuka. Ita ma idonta ya kawo ruwa.

Kalmar da ta ɗauka "shafi" ce. Abin da ta rubuta kuwa Shafi'u.

Yanzu sai in gaya muku ko wane ne Malam Shafi'u. Mutumin Kiyawa ne, shi ma gyaran famfo yake yi, kuma sa'an Malam ne. A hannun mutum ɗaya suka koyi aikin, daga nan kuma ba su sake yarda da juna a kan komai ba. Malam idan ya je wurin famfo ba ya taɓa sifana sai ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya sa a tuƙa, ya saurara. Daga ƙarar yake sanin inda ciwon yake. Shi kuwa Malam Shafi'u cewa yake yi wannan bokanci ne, mai aiki na gaskiya ciro bututun yake yi gaba ɗaya ya gani da idonsa. Shekara da shekaru suna wannan musu, a wurin suna, a wurin jana'iza, ko'ina. Sau nawa Malam ya dawo gida ya ture kwanon tuwo saboda mutumin nan. Bayan rasuwar Malam shi aka ba shugabancin ƙungiyar masu gyaran famfo, kowa Ciyaman yake ce masa. Matarsa kuma ta rasu bara (wannan ma ku riƙe).

Wata uku muka yi muna aikin, da yamma idan Rabi ta dawo daga ofis, da ranakun hutu. Tana kwafe rubutun Malam, inda ta kasa ganewa ta tambaye ni, domin ni da kunne na karanci aikin nan shekara arba'in da shida. Babi na huɗu ma, na sauraron famfo, kusan daga bakina ya fito, don Malam bai rubuta ƙarar ba, a gida yake kwaikwayarta. Idan famfo yana ƙwal-ƙwal daga sama, sarƙa ce ta saki. Idan hannun ya yi sako-sako yana fuu kamar numfashin tsoho, robar ƙasa ce ta cinye. Idan yana kukan ƙyi-ƙyi, giris kawai yake roƙo, kada a wahalar da kowa. Ina yi Rabi tana dariya tana rubutawa, ni kuma ina yi ina jin muryarsa.

Duk babin da muka gama sai ta ba baƙin allon oda, ya zubo rubutu da sauri, sannan ta buɗe wani farin allo ta nuna mini littafin ya ƙaru. Ni kuma kullum sai na ce ta nuna mini sunan, in ɗora yatsa. Wata uku cur ina shafa sunan Shafi'u ina kuka. Rabi kuwa, saboda ladabi, ba ta taɓa karanta shi a gabana ba. Idan ta zo wurin sai ta ce "na Baba" ta wuce. Da ta je Kiyawa wurin Malam Shafi'u neman a tara masu gyara a nuna musu littafin, "Ciyaman" ta ce masa, shi ma "littafin marigayi" ta ce za a kawo. Kowa yana ladabi, ba wanda ya kama sunan kowa.

Aka sa rana, wata Asabar da safe, a ɗakin taron wata makarantar firamare a nan cikin gari. Babbar 'yata ta zo daga Taura ('yar fari ce, ita ma ba na kiran sunanta, Ta Taura nake cewa). Na sa atamfar da Malam ya saya mini a Sallarsa ta ƙarshe, na sa tabarau, muka hau adaidaita sahu. Ɗakin ya cika, tsofaffin abokan aikinsa a gaba, samari masu koyo a baya, mu mata a gefe ɗaya. Malam Shafi'u yana kujerar tsakiya da babbar riga. Wanda zai gabatar wani babba ne daga ofishin su Rabi, baƙo ne a garin, abin da aka gaya masa kawai shi ne mai littafin ya rasu.

Rabi ta haɗa kwamfutarta da majigi, baƙin allon ya fito a bango, ƙato. Ta buga 'yan kalmominta, ta danna, sai ga littafin fari tas. Ni ina ganin wurin da na saba ɗora yatsa, hawaye suka ɓalle.

Sai na ji Ta Taura ta mintsine ni a cinya. Ta ce, "Inna. Inna, mene ne wancan?"

Na ce, "Littafin babanki ne, bar ni in ji da abin da ke damuna."

Kafin ta sake magana baƙon ya ɗauki lasifika ya yi sallama, ya juya ya karanta bango: "Littafin Gyaran Famfon Tuƙa-tuƙa na Malam Shafi'u. Jama'a, kafin komai mu yi wa marigayi Malam Shafi'u addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya shayar ya zame masa sanyin kabari."

Samarin baya, waɗanda ba su san komai ba, suka amsa da ƙarfi, "Amin!"

Malam Shafi'u ya juya dama, ya juya hagu, ya ce, "Wa ya mutu?"

Wani tsoho a kusa da shi ya ce, "Kai, Ciyaman. Yanzu aka sanar."

Ɗaki ya rikice. Ni kuwa abin bai shiga kaina ba tukuna, na ɗauka baƙon ne ya yi tuntuɓen harshe. Aka raɗa wa baƙon cewa mai sunan ga shi nan zaune da ransa. Ya dafe ƙirji ya ba da haƙuri, sannan ya ce, "To ashe kuskuren a wurin rasuwar yake. Ranka ya daɗe, kai ne ka rubuta ke nan?"

A nan na zuba ido in ji mutumin nan ya ce a'a. Sai ya gyara babbar riga, ya kalli sunansa a bango, ƙato kamar ƙofar zaure, ya yi gyaran murya ya ce, "To... ba za a ce ba hannuna a ciki ba. Ai yawancin dabarun nan, in za a faɗi gaskiya, a wurina marigayi ya gani."

Rabi ta miƙe. Ta ce, "Ni dai sunan da Inna ta ba ni na sa. Na nuna mata ta karanta da kanta, ta ce haka ne."

Duk ɗakin ya juyo gare ni, da tabarau a hancina. Ta Taura ta ce a hankali, "Inna, yaushe kika fara karatu?"

Baƙon ya tako har inda nake, ya miƙo mini lasifika. Ya ce, "Hajiya (ban je Makka ba, amma tunda na tsufa kowa haka yake ce mini), ke za ki raba mu. Littafin nan na wane ne?"

Na karɓa. Na ce, "Na maigidana ne."

Muryata ta fita ta cika ɗakin. Kowa ya kalle ni, ya kalli bango, ya kalli Malam Shafi'u, wanda kowa ya san ba shi da mata. Sai tsohon nan na ɗazu ya ce, "Ikon Allah! Ciyaman, an ɗaura ba ka ba mu goro ba?"

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta a kunnena. Wani yana buga benci, wani yana cewa a kawo alawa. Wata mata a bayana ta fara guɗa ta haɗiye. Ni da na haura sittin, da jikoki, da atamfar mijina a jikina.

Na ce, "Ba shi ba! Marigayi nake nufi!"

Malam Shafi'u ya ɗaga hannu ya ce, "Don Allah a daina kashe ni, sau biyu ke nan yau."

Aka sake kwashewa. Baƙon, bawan Allah, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Hajiya, ni baƙo ne. Sunan kawai nake so. Littafin nan yau za a tura shi wayar duk wanda yake ɗakin nan, daga nan kuma ya wuce inda ba mu sani ba. Sunan da yake kai shi zai tafi."

Tsofaffin nan na gaba duk sun san sunan. Ta Taura ta sani. Amma an riga an ce ni na ba da wancan da bakina, na kuma tabbatar da idona, ga mai sunan yana cewa da hannunsa a ciki. Wa zai tashi ya ƙaryata matar mamaci da shugaban ƙungiya a lokaci ɗaya? Kowa ya zuba mini ido yana jira na.

Na tuna littattafan nan tara da ba suna a kansu. Na tuna shi yana dawowa da taɓo har gwiwa. Na cire tabarau na riƙe a hannu, domin ƙaryar ta ishe ni. Na ce, "Jama'a, ni ban iya karatu ba. Ko alif na boko ban sani ba. Yarinyar nan ba ta da laifi, ni na yi mata ƙarya. Littafin nan na mijina ne, shi ya rubuta shi da hannunsa, ba a wurin kowa ya gani ba. Sunansa Umaru. Malam Umaru."

Ban san lasifika tana ƙara magana haka ba. Sunan ya bugi bango ya dawo mini. Ban taɓa jin sa da muryata ba, sai na ji kamar zai amsa daga ƙofa ya ce, "Na'am, wa ya mutu da kike kira na haka?" Na zauna na rufe fuska da mayafi na yi kuka mai sauti, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da shi. Ba wanda ya sake dariya.

Ta cikin mayafin na ga Rabi ta koma baƙin allo. Kalma ɗaya ta goge, ta rubuta wata, ta danna. Rubutu ya zubo, bango ya yi fari. Ni da nake tsammanin sai an sake wata uku, kafin in share hanci an gama. Baƙon ya karanta a hankali, "Littafin Gyaran Famfon Tuƙa-tuƙa na Malam Umaru." Rabi ta riƙa wucewa shafi bayan shafi, yana duba sama yana cewa, "Nan ma haka. Nan ma haka." Aka sake addu'ar, wannan karon ga mai ita. Na saurara da kyau, amin ɗin Malam Shafi'u ta fi ta kowa ƙarfi.

A hanyar komawa a cikin adaidaita sahu, da muka kusa Yalwawa sai Ta Taura ta ce, "Inna, kayan ɗaki fa, mu za mu yi ko ango?" Na kai mata duka da tabarau. Rabi kuwa kwana biyu tana ba ni haƙuri, ina ba ta. Ta ce, "Inna, da kin ce mini kalmar da ake ba na'ura ce." Na ce, "Ke ma da kin karanta mini." Ta ce, "Ai kunyarki na ji." Na ce, "Ni ma taki na ji." Muka zauna muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle, daga nan na koma kuka, ta kawo mini ruwa.

Bayan sati guda aka yi sallama a zaure. Malam Shafi'u ne, ya zo da ledar lemo. Na sa mayafi na tsaya daga ciki, Rabi tana tsakaninmu don kada unguwa ta sami abin faɗa. Ya daɗe yana gaisuwa. Can ya ce, "Hajiya, maganar da na yi ranar nan, sunana na gani ƙato a bango, kaina ya juya. Ba a wurina ya gani ba. Ki yafe mini."

Na ce na yafe.

Sannan ya ce, "Amma babi na huɗun nan akwai gyara. Ba kowane ƙwal-ƙwal ba ne sarƙa. Wani lokacin noti ne ya kwance a ƙasa, sai an ciro an gani. Na sha gaya masa."

Mutumin yana kabari ma ba a ƙyale shi ba. Amma da na leƙa na ga idon tsohon ya yi ja. Shekara da shekaru yana da abokin musu, yanzu ba shi da wanda zai ce masa ƙarya yake yi. Na ce wa Rabi ta saka maganarsa a ƙarshen babin, da sunansa, amma da ƙananan baƙaƙe. Na kuma ce ta karanta mini da ƙarfi kafin ta ba na'ura oda, har sau biyu.

Abin da na koya ke nan a tsufana. Baƙin allon nan ba ya jin kunyar kowa kuma ba ya gane alama, abin da aka ba shi shi yake ginawa, ya kuma maimaita shi a saman kowane shafi. Idan aka ce miki "duba", ke kuma ba ki iya ba, ki ce "karanta mini". Tabarau na tsintar tsakuwa ne.

Na dai sa Rabi ta koya mini sunan, shi kaɗai, don kada a sake aurar da ni ban sani ba. Yanzu ko a cikin rubutu dubu na gan shi zan gane. Harafin farkonsa kamar guga yake, bakinsa a sama, yana jiran ruwa.

Rabi ta ajiye hannu tana kallona tana murmushi. Wai ɗazu, da na zo wurin lasifikar nan, ban ce ta saka da hannunta ba, da bakina na faɗa, har sau biyu. To, ya riga ya fita. A bar shi a haka.